Hakanan Ne, Ranka Shi Daɗe

Abu uku Kaltume ta koya wa ƙanenta Mijinyawa, kuma ta koya masa su da kyau har suka zauna masa daram. In babba ya yi maka magana, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce, "Hakanan ne, ranka shi daɗe." Shi ke nan. Ban da musu, ban da a'a, ko da cewa aka yi rana daga yamma take fitowa.

Kada wani ya yi saurin zarginta, ba da mugunta ta yi ba. Mijinyawa haka Allah ya yi shi. Bai taka ƙasa ba sai da ya shekara huɗu, magana kuwa sai wajen bakwai, kuma a nan wajen bakwai ɗin hankalinsa ya tsaya cak, jiki ya wuce ya bar shi. Yanzu ya haura talatin, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, ga gemu, amma in ka ba shi alewa sai ya gutsuri rabi ya ɓoye a hula ya kai wa Yayarsa. Bai taɓa jifan kowa ba, bai taɓa tuɓewa a kan hanya ba, salla ma ba ta wuce shi in dai akwai wanda zai bi. In 'yan tsokana suka kira shi mahaukaci, amsarsa ɗaya ce: "Yaya ta ce ni ba mahaukaci ba ne. Yaya ba ta ƙarya."

Yana saurayi ne wani bafade ya daka masa tsawa ya kauce daga hanya, shi kuwa ya tsaya yana bayani wai Inna ta ce hanya ta kowa ce. Sanda ɗaya bafaden ya kai masa, haƙoransa biyu na gaba suka zube a ƙasa. A ranar Kaltume ta zaunar da shi, tana goge masa jini tana maimaita masa kalmar nan har ya haddace. Shekara goma sha biyar kalmar tana tsare shi daga duka. Wa zai ce ba dabara ba ce?

A Lambara suke, ta wajen Shagari, su biyu rak a gidan mahaifinsu marigayi, wanda ya yi ladanci a garin har ƙarshen rayuwarsa. Mijin Kaltume ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure. Daddawa take yi, duk ranar kasuwar Boɗinga Mijinyawa ya ɗauki kwandonta su shiga mota. In ya ajiye ta a rumfa sai ya kama dako: buhun albasa, buhun gero, duk abin da aka ɗora masa. Yana da gammonsa na kansa, da tsohon zanen Innarsu aka naɗa shi, ba ya yarda kowa ya taɓa.

Shekarar da za a yi zaɓe na biyu ce, alif ɗari tara da tamanin da uku, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kamar dā aljihun talaka a buɗe yake. Sabulu sai layi, shinkafa sai labari, takin zamani kuwa sai mai uwa a gindin murhu. Mutane kan tsokani 'yan ɓangaren Shagari wai mulki a gidansu yake. Kaltume dai ba ta ga ya leƙo tukunyarta ba.

A bayan kasuwa akwai siton wani ɗan kwangila, Alhaji Ummaru, maƙare da taki. Rannan da azahar maigadi ya tafi salla, sai ga wani mutum da farar babbar riga da tabarau ya tsayar da a-kori-kura a bakin siton, kwaɗo kuwa an riga an ɓalle shi. Ya hango Mijinyawa ya yafito shi.

"Kai, ɗan dako! Taho ka loda min takin nan, sauri nake."

Mijinyawa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya faɗi abin da aka koya masa, ya gyara gammo. Buhu tara ya loda. Na goma yana kansa maigadi ya ɓullo yana kururuwa, mai farar riga ya faɗa mota ya taka ta, sai ƙura. Ko kaza ce a wurin ai ta san ta gudu. Mijinyawa kuwa ya tsaya ƙyam da buhu a ka, yana jiran a gaya masa inda zai sauke.

Kafin labari ya kai rumfar Kaltume an yi masa jina-jina, 'yan sanda sun tafi da shi. Gammon kawai ta tsinta a ƙasa, an tattake shi. Ko da ta isa wurin 'yan sandan, aiki ya ƙare. An tambaye shi ko shi ya ɓalle kwaɗo, ya ce hakanan ne. An tambaye shi ko da shi aka shirya satar, ya ce hakanan ne. An dangwala babban yatsansa a tawada an manna a takarda, har yana ɗaga mata yatsan yana murmushi da kumburarren baki, wai an yi masa lalle.

Ranar da za a shiga gaban alƙali, magatakardan kotun ya ja ta gefe a gindin bishiyar bedi. Malam Haliru sunansa, matarsa a wurinta take sayen daddawa.

"Kaltume, ki ji shawarata," in ji shi a hankali. "Ki bar shi shi amsa laifin. Wata uku ne, in ya yi yawa huɗu. Kamar yau ne ki ga ya dawo."

Kai, ka ga wuta! Ta ja mayafi ta dube shi sama da ƙasa.

"Mi kac ce, Malam Haliru? Ɗan Ladan ne za a rubuta ɓarawo? Yaron da ko ƙwayar gyaɗa ya tsinta sai ya yi cigiya? Wallahi ba da raina ba!"

Malam Haliru ya buɗe baki zai ƙara magana, masinja ya ƙwala kira, kowa ya shiga.

Alƙalin dattijo ne mai furfura, ba shi da gaggawa. Aka karanta takardar, aka tambayi Mijinyawa, ya durƙusa ya amsa. Alƙali ya ɗauki alƙalami ke nan Kaltume ta miƙe daga bayan mata, ita da ba ta taɓa magana a gaban hukuma ba.

"Allah shi gafarta Malam, ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Wagga amsa da yab bayar ba tasa ba ce, tawa ce. Ni na koya mai ita don kada a kashe min shi da duka. Duk abin da babba yac ce, hakanan zai amsa. In ana shakka a gwada."

Alƙali ya ajiye alƙalami. Ya dubi Alhaji Ummaru, wanda ke zaune a gaba yana tauna goro, sannan ya juyo.

"Mijinyawa, an ce jiya ka kashe Alhaji Ummaru. Haka ne?"

"Hakanan ne, ranka shi daɗe."

Kotu ta kece da dariya. Alhaji Ummaru ya ƙware da goro, yana tari yana cewa a'uzubillahi, ga shi nan da ransa.

"An kuma ce kai ne gwamnan jihar nan."

"Hakanan ne, ranka shi daɗe."

Har ɗan sandan da ya kawo ƙarar sai da ya juya baya yana ƙunshe dariya. Alƙali kaɗai bai yi ba. Ya ce shi ba zai hukunta wanda bai san abin da yake amsawa ba, Allah zai tambaye shi. Ya dakatar da shari'a, ya rubuta a ajiye Mijinyawa a gidan yari a birni har likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi ya aiko da takarda.

Kaltume ta fito kamar ta rangaɗa guɗa. Ba a kira ƙanenta ɓarawo ba! Likita kuwa ai kwana nawa ne? Ta harari Malam Haliru harara ta wanda ya ci nasara. Shi dai bai ɗago kai daga rubutunsa ba.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Likitan da zai duba shi, aka ce ɗaya ne tal, ya yi tafiya. Da ya dawo aka ce motar da za ta kai fursuna ba mai. Da aka sami mai aka ce ma'aikata suna yajin aiki. Aka yi zaɓe, aka yanke gero, aka dasa albasa. Ana jajibirin sabuwar shekara soja suka karɓe mulki, manya suka shiga ta kansu, wa ke ta takardar wani ɗan dako?

Duk mako biyu Kaltume kan dama fura ta shiga mota zuwa birni. Akuyarta ta tafi a kuɗin mota, tunkiya ta bi bayanta. Tun da takardarsa ta ce a duba hankalinsa, sai aka sa shi a ɓangaren waɗanda hankalinsu ya gushe, masu ihu da masu mari a ƙafa. Da fari yakan taho da gudu in an kira shi, ya kama ƙarfen taga.

"Yaya, yaushe za mu kasuwa?"

"Kwana kaɗan ya rage, Mijinyawa. Likita muke jira."

Sai ya gyaɗa kai ya sha furarsa, tun da Yaya ta faɗa.

Amma gidan yari ma akwai manya, kuma ba su daɗe ba suka gano shi. Bokitin bahaya na ɗaki uku shi ke fitar da shi kowace safiya a kan tsurar kansa, ba gammo, har gashin tsakiyar kan ya cinye. Tuwonsa in wani ya ce ba ni, sai ya durƙusa ya miƙa. Ƙazuwa ta cinye masa hannuwa. Ƙaton nan da ke ɗaukar buhun gero kamar matashin kai ya koma ƙashi da rai, ƙafafu kuma suka soma kumbura. Kaltume ta san irin wannan kumburi, shi ya tafi da mijinta.

Ba inda ba ta je ba. Ta durƙusa gaban maigari, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ta tari Alhaji Ummaru a bakin sitonsa, ya rantse ya yafe duniya da lahira, amma maganar ta bar hannunsa. Ta nemi a ba ta shi ta riƙe a gida, aka ce wannan ma sai da takardar likita. Abin da ya fi ƙona mata rai, wani ɓarawon akuya da aka kai bayan Mijinyawa da wata biyu ya gama wa'adinsa ya fito, ya yi ƙiba abinsa. Har rumfarta ya zo sayen daddawa, yana ce mata, "Ai na san ƙanenki, mutumin kirki ne, shi ke kwashe mana bokiti."

A wata na goma sha uku ta je ziyara, aka fito da shi ana riƙe da hannunsa. Ya zauna a ƙasa yana kaɗa jiki gaba da baya. Ta miƙa fura, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Ta jira tambayar kasuwa har gandiroba ya ce lokaci ya yi. Bai yi ta ba.

Daga tasha ba ta nufi gida ba, sai gidan Malam Haliru. Ta same shi a zaure bayan la'asar, ta zube a bakin ƙofa, girman kai duk ya kwance.

"Malam, mutuwa zai yi. Ka gaya min abin da kas so hwaɗi rannan ban saurara ba."

Malam Haliru ya amsa yana jan carbi.

"Takardar hukuma gurbi biyu gare ta, Kaltume. Ko mai hankali, ko mahaukaci. Mai hankali in ya yi laifi a yanke mai wa'adi, ranar fitarsa a rubuce take. Mahaukaci kuwa ba shi da rana, sai likita ya ce ya warke."

"To ai shi ba mahaukaci ba ne! Kuma mi zai warke? Haka anka haife shi!"

"Na sani. Alƙali ma ya sani. Amma ba a yi wa irinsa gurbi ba."

Garin neman gira ta rasa ido, ita ma ta gane haka ba sai an faɗa mata ba. Ta tambaye shi mafita. Ya ce guda ɗaya ce ya sani. Tun da har yau likita bai rubuta komai ba, maganarta ce kaɗai ta tsayar da shari'ar. In ta koma ta janye, ta shaida cewa lafiyarsa ƙalau, alƙali na iya ci gaba daga inda aka tsaya. Sai dai ba za a yarda da rabin magana ba. Dole ta faɗa a bainar jama'a cewa da saninsa ya yi.

"In ce ɓarawo ne ke nan."

Malam Haliru ya ci gaba da jan carbinsa.

Kwana uku Kaltume ba ta ɗora tukunyar kalwa ba. Ta tuna Innarsu ranar da za ta cika, ta kama hannunta ta ɗora a kan na Mijinyawa ta ce amana. Ta tuna muryar mahaifinsu da asuba, wadda har yau tsofaffin Lambara ke kwatance da ita. Ta ji haushin mai farar riga, ta ji haushin takarda, amma wanda ta fi jin haushi ita ce kanta. Ita ta sa masa kalmar a baki, ita kuma ta tashi a kotu ta rufe masa ƙofa da hannunta. A rana ta huɗu ta wanke gammon, ta shanya, ta sake naɗe shi, ta aika wa Malam Haliru a sa rana.

Kotu ta cika, don ba a manta da shari'ar da aka sha dariya ba. Da aka shigo da Mijinyawa, wasu ba su ma gane shi ba. Ba takalmi a ƙafarsa, amma sai da ya sunkuya ya lalubi inda zai tuɓe, sannan ya durƙusa.

Kaltume ta miƙe.

"Allah shi gafarta Malam, bara ƙarya na yi. Hankalinsa garau yake. Wancan amsa-amsa da yake yi makirci ne. Da saninsa yaɗ ɗauki takin. Tun yana yaro yake ɗauke-ɗauke, mu muke rufa mai asiri. Ɓarawo ne."

Wata tsohuwa 'yar Lambara ta yi salati a bayanta. Masinja ya matso da Alƙur'ani a cikin gafaka don a rantsar da ita. Alƙali ya ɗaga hannu ya mayar da shi. Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau, kallon wanda ya san komai.

"Ba sai an rantse ba," in ji shi. "Zauna, baiwar Allah."

Ya juya ga wanda ke durƙushe.

"Mijinyawa, kana cikin hankalinka?"

"Hakanan ne, ranka shi daɗe."

"Ka saci takin Alhaji Ummaru?"

Abin da bai taɓa faruwa ba, amsar ba ta fito ba. Mijinyawa ya juyo a hankali yana neman fuskar Yayarsa a cikin mata, har ya same ta. Ido cikin ido. Kaltume ta gyaɗa masa kai.

"Hakanan ne, ranka shi daɗe."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Alƙali ya yanke masa wata uku, ya ce ya riga ya yi su har da ƙari, a sake shi yanzu-yanzu. Duka-duka shari'ar ba ta kai tsawon dahuwar shayi ba.

Mota ta sauke su a bakin titin Lambara ana gab da la'asar. Kaltume ta yi tsaraba a tasha, ɗan ƙullin gero da garin rogo da za ta soma jinyarsa da su, direba ya sauke mata a gefen hanya. Ta kwance bakin zane ta fito da gammon, fes da shi, yana ƙanshin sabulu.

"Ga abinka, Mijinyawa. Na adana maka. Ɗauki ƙullin nan mu tahi gida, ba nauyi. In ka yi ƙarfi mu koma kasuwa."

Ya dubi gammon. Hannunsa ya ɗan motsa, sai ya janye shi.

"Ba a ba ɓarawo kaya, Yaya."

"Wane ɓarawo? Kai ba ɓarawo ba ne! Don a sake ka na hwaɗi haka. Ka ji ni? Ƙarya na yi musu, ƙarya ce tsagwaronta!"

Ta kama kafaɗunsa tana girgiza shi, hawaye na zuba, tana jira ya durƙusa ya ce hakanan ne. Sau ɗaya a duniya tana roƙon Allah ya faɗi kalmar nan. Mijinyawa ya girgiza kai.

"A'a," in ji shi. "Yaya ba ta ƙarya."

Shekara goma sha shida rabon da ta ji a'a daga bakinsa. Ya juya ya kama hanyar gari yana jan kumburarrun ƙafafunsa, ya harɗe hannuwansa biyu a ƙirji ƙam don kada su taɓa kayan kowa. Kaltume ta ɗora gammon a kanta, ta ɗauki ƙullin, ta bi shi a baya.